Taku Bakwai Daga Rijiya

Daminar da amai da gudawa ya shiga layin su Alhaji Hammajoda a Gwallaga, duk unguwar ba wanda ya kai shi zafin rai. Dattijo ne da ya haura saba'in, tsohon dillalin hatsi a Kasuwar Muda Lawal, dogo, mara wasa, wanda in ya yi gyaran murya a ƙofar masallaci har masu keke rage gudu suke yi. Shekara uku baya, da masu ƙwacen waya suka addabi layin, shi ya tara magidanta ya kai su ofishin 'yan sanda, aka kafa kwamitin unguwa, aka ɗora shi a kai. Tun daga ranar, in hukuma tana da magana da mutanen layin, a dakalinsa ake fara tsayawa.

Cikin mako guda aka kwashi yara tara zuwa asibiti. Ta farko jikarsa ce, Yasmin, 'yar shekara biyar. Ya je ya same ta idanu sun faɗa, hannu kamar tsinke, an maƙala mata robar ƙarin ruwa. Ta huɗu Khairat ce, 'yar Mansir tela, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da na Alhaji. Yasmin ta tashi. Khairat ba ta tashi ba.

A wajen zaman makoki aka fara maganar. Likita ya ce daga ruwan sha ne. To, wa ke kawo wa layin ruwan sha? Kowa ya san amsar. Bakari ne, mai garuwa, wanda ya shekara shida yana turo kura mai jarka goma sha biyu daga rijiyar burtsatse da ke bayan makarantar firamare. Mutumin wani ƙauye ne can wajen Toro, ba shi da kowa a gari, a soron wani gida yake shimfiɗa tabarmarsa.

Alhaji Hammajoda da kansa ya kafa wannan doka tun da daɗewa: ruwan rijiya na wanki ne da wanka, ruwan sha kuwa na burtsatse. Kowane magidanci a layin ya bi. Kullum da safe kafin su fita nema, da idonsu suke ganin Bakari yana juye jarka a duron da ke soro, don ba ya wuce nan. Saboda haka kowannensu zai iya dafa Alƙur'ani ya ce iyalinsa ruwan Bakari suke sha.

Sai wani mai faci ya ce shi kam ya taɓa ganin Bakari tsugune a bakin kwalbati bayan an ɗauke ruwan sama, kura a gefensa.

"Me yake yi a wurin?" in ji Alhaji.

"Oho, ni dai na ga hannunsa cikin ruwan kwata."

Alhaji bai ƙara tambaya ba. Ana sallame Azahar ya karɓi abin magana daga hannun ladan, muryarsa ta fita ta lasifika har layi na uku. "Jama'a, daga yau kada wanda ya sake karɓar ruwan Bakari. Ruwan kwata yake ɗura mana. Shi ya kwantar mana da yara, shi ya ja muka binne 'yar Mansir."

Bai ce a taɓa shi ba. Amma kuma bai ce kada a taɓa shi ba, ya kuwa san samarin layinsa. Kafin ya gama sa takalmi an tare Bakari a kan kwana, an farfasa jarkokin, an karya ƙafafun kurar, ana dukansa da duk abin da hannu ya kai. Da ƙyar Sufeto Nu'uman, ɗan sandan da ke zama da kwamitin duk wata, ya iso da mota ya fizge shi daga hannunsu, jini na zuba ta hanci.

Washegari hukuma ta turo dubagari uku, maza biyu da wata matashiya mai suna Malama Radiyya, da akwatin kwalabe. Sufeto ya rako su. Alhaji ya shige gaba da sandarsa yana nuna musu wurare. Suka ɗebi ruwan burtsatse, suka ɗebi na tankin masallaci, da na mai shayi, da na durorin soraye. Da suka zo ƙarshen layi babbansu ya duba takardarsa.

"Baba, akwai rijiyoyi a cikin gidaje?"

"Guda ɗaya ce a layin nan, a gidana take. Mahaifina ya haƙa ta tun kafin a haife ka. Ba a shanta, wanki ake yi da ita." Ya dogara sandar a ƙasa. "Kuma gidana ba shiga."

Mutumin ya dubi Sufeto, Sufeto ya dubi takalminsa. Wa zai ce wa shugaban kwamiti, wanda shi ya kira su, sai ya shiga wajen iyalinsa? Aka ja layi a takarda, aka wuce. Malama Radiyya, da yake ita ce ƙaramarsu, tana can baya riƙe da akwati.

Kwana huɗu Bakari yana ofishin 'yan sanda, ba ɗigon ruwansa da ya shiga layin. A cikin kwana huɗun nan mutum bakwai suka sake kwantawa, har da manya, har da na layin baya waɗanda ba su taɓa sanin Bakari ba. Alhaji ya ce dafin ne ya zauna a durori, ya sa aka fito da su aka wanke da toka da omo. Amma abin ya fara tsaya masa a rai, abinci ma sai ya tura kwanon gefe.

Ranar Laraba da hantsi yana zaune a dakali yana jan carbi, sai ga motar Sufeto. Malama Radiyya ta fito ita kaɗai, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata.

"Baba, sakamako ya fito. Ruwan burtsatse lafiya lau. Na durori ma lafiya lau."

"Ƙarya ne."

"Sau biyu aka auna, Baba. Jiya kuma na zaga gidajen da aka yi rashin lafiya. Duk inda na shiga sai in ce ƙishi nake ji, in an ɗebo mini a randa sai in tambayi inda aka samo shi. Ina neman izini in shiga gidanka."

Fuskar Alhaji ta haɗe. "Ba ku ji abin da na faɗa rannan ba? Gidana ba shiga."

"Baba, ai ni mace ce."

Sufeto ya kau da kai yana tari, don dariya ta so ta ƙwace masa. Alhaji ya miƙe a fusace. "Muje. Muje ki gani, ki daina ɓata mini lokaci."

Abin da za ku sani shi ne, shekara da shekaru Alhaji Hammajoda ba ya cikin gida tsakanin karin kumallo da Azahar. Da, kasuwa ce ke ɗauke shi. Da ya bar kasuwa, dakali ya gaje ta. Bai san kamannin tsakar gidansa da hantsi ba. Ya shiga a gaba, don fushi ko sallama bai yi ba.

Ya tsaya cak.

Mata ne cike da tsakar gidan, sun fi goma, kowace da bokiti ko tulu, sun yi layi daga bakin rijiya har zuwa 'yar ƙofar langalanga da ke katangar baya, wadda mata ke bi su shiga gidajen juna ba sai sun fita titi ba. Shi a saninsa ƙofar nan ta barka ce da gaisuwar mara lafiya. Matarsa Hajiya Kubura na zaune a kujera 'yar tsugunno tana tsintar shinkafa, wata na jan guga, ana ta hira. Suna ganinsa hirar ta mutu. Aka shiga jan mayafai, wata ta saki igiya, gugan ya faɗa rijiya ji kake tunjum.

"Mene ne wannan? Duk wanki za ku yi?"

Hajiya Kubura ta ajiye faranti.

"Na sha ne, Malam."

"Na me?"

"Na sha. Ruwan jarka warin roba yake yi, ga zafi, yara ba sa sonsa. Shi muke wanki da girki da shi, yana kumfa. Na rijiya kuwa sanyi gare shi kamar an sa ƙanƙara, shi muke zubawa a randa."

"Tun yaushe?"

"Tun Inna, mahaifiyarka, tana da rai. Ita ta ce kada a hana kowa, sadakar mahaifinka ce."

"Ban ce ba a shan ruwan rijiyar nan ba? Ban faɗa ba?"

"Ka faɗa a masallaci, Malam. Mu ba ma zuwa masallacin." Ta faɗi haka ba da tsiwa ba, yadda mutum ke faɗin farashin gishiri. "Kuma ba wanda ya taɓa leƙa randa ya tambaye mu."

"To ni fa? Ni me nake sha a gidan nan?"

"Kai ai shayi ne, sai ruwan leda da likita ya ɗora ka a kai saboda ƙodarka."

Wata tsohuwa daga ƙarshen layin, da ba ta gane abin da ake ciki ba, ta matso tana washe baki. "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Tun da ka hana mu ruwan mugun yaron nan, wallahi nan muka dawo gaba ɗaya. Da ba don rijiyarka ba da ƙishi ya kashe mu."

Alhaji ya dafa bango.

Malama Radiyya ba ta tsaya sauraron wannan ba. Ta leƙa rijiyar, ta ɗago kai tana duban kusurwoyin gidan, idonta ya sauka a kan wani ɗan gini sabo, simintinsa bai ma gama canza launi ba. Ta jingina bayanta da bakin rijiyar, ta fara takawa tana ƙirgawa a fili. Ɗaya. Biyu. Uku. Tsakar gidan tsit, sai ƙarar silifas ɗinta. A na bakwai hannunta ya taɓa ƙofar masai.

"Baba, yaushe aka haƙa wannan?"

Hajiya Kubura ce ta ce, "Da bazarar nan. Tsohon yana can gaba, aka rushe shi aka fitar da shago."

"Taku bakwai," in ji Radiyya, kamar da kanta take magana. "Ƙa'ida sai ya kai talatin ko ya fi. Ga shi kuma masan ne a tudu, rijiyar a gangare. Ruwan sama na sauka, ƙasa ta jiƙa..." Ba ta ƙarasa ba.

Ba sai ta ƙarasa ba. Alhaji ya tuna ranar sarai. Maginin ya sosa ƙeya ya ce, Alhaji, anya bai yi kusa da rijiya ba? Shi kuwa ya ce, gidanka ne ko nawa? Rijiyar wanki ce, haƙa inda na nuna maka. Ya tuna Kubura ma ta fito daga ɗakin girki ta ce, Malam, da an matsar da shi can wajen bishiyar darbejiya. Ya ce mata ta koma wajen tukunyarta. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya ɗaga mata hannu. Wataƙila abin da za ta faɗa masa ke nan a ranar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. Ya sake faɗa. Ya sake faɗa. Idonsa ya sauka a kan matar Mansir, tana tsaye a layin da farin bokiti, mako guda ke nan da binne 'yarta. Ita ma shi take kallo. Bokitin ya zame daga hannunta.

Radiyya ta cika kwalba biyu, ta sa aka zubar da duk ruwan da aka ɗiba, ta ce kowace ta je ta juye randarta ta wanke, a tafasa duk abin da za a sha. Aka ɗora tsohon ƙyaure a bakin rijiyar aka danne da turmi.

Maganar ta zaga layin ta ƙofofin baya kafin La'asar. Amma a bakin titi ba wanda ya iya furta ta. Wasu suka ce surutun mata ne. Samarin da suka yi dukan suka ce ai an ga Bakari a kwata, wannan kuma ba ƙarya ba ce. Magidanta na wucewa ta gaban dakali su yi gaisuwa da sauri, ba sa haɗa ido da shi.

Ranar Asabar da safe Sufeto Nu'uman ya dawo da takarda a hannu. Ya zauna a gefen dakalin, ya cire hularsa.

"Baba, rijiyar ce. Babu shakka a ciki."

Alhaji ya gyaɗa kai.

"Ga shawarata, in za ka ji ta ɗanka. Dubagari za su zo su rufe ta, a ce an rufe duk rijiyoyin unguwa ne saboda damina. Ba sai sunanka ya fito ba. Bakari kuwa dama ba tuhumarsa nake yi ba, ɓoye shi na yi don kada a kashe shi. In sa shi a mota ya koma ƙauyensu, magana ta mutu. Na ga abin da yaran nan suka yi wa mutum a kan jita-jita. Ba na son in zo in tarar da su a ƙofar gidanka."

Alhaji ya daɗe yana kallon hanya. Shekara hamsin ya yi yana gina sunansa a garin nan, a kasuwa ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. Ga hanya an buɗe masa, ba wanda zai ce masa don me.

"Kai ni in gan shi tukuna," ya ce.

Suka sami Bakari a bayan ofis, zaune a benci, ido ɗaya a kumbure, hannun dama ɗaure da tsumma. Yana ganin Alhaji ya sauko ya tsugunna.

"Baba, ina kwana. Ya jikin Yasmin?"

Alhaji ya ce, "Me kake yi a bakin kwalbati rannan?"

"Taɓo ne ya cika ƙafar kura, Baba, ta ƙi tafiya. Shi nake cirewa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, wallahi. Ba wanda ya tambaye ni."

Sufeto ya gaya masa za a sa shi a mota ya tafi gida. Bakari ya girgiza kai, hawaye na bin kumburin.

"Yallaɓai, ina zan je? Labari ya riga ni isa. Ƙanina ya bugo waya, ya ce a kasuwar garinmu ana cewa na zuba guba na kashe yarinya a Bauchi. Babata ba ta fita ko ƙofar gida. Gara ku bar ni a nan."

Alhaji ya juya ga Sufeto. "Ka zo da shi masallacinmu da La'asar. Ka zo da yaranka in kana jin tsoro."

"Baba..."

"A lasifika na faɗa. A lasifika zan janye."

Da La'asar masallacin ya cika har waje, don an ga motar 'yan sanda. Ana sallamewa Alhaji ya miƙe, ya karɓi abin maganar.

"Jama'a, ni ne Hammajoda. Kwana goma da suka wuce na tsaya a nan na ce Bakari ya kashe mana yarinya. Ƙarya na yi masa. Ruwansa mai kyau ne, hukuma ta auna. Ciwon daga rijiyar gidana ya fito. Ni na sa aka haƙa masai taku bakwai daga bakinta, an gaya mini ya yi kusa, na ƙi ji. Da masu awo suka zo, ni na hana su shiga. Da na hana ku ruwan Bakari, rijiyar nan na tura iyalanku. Duk wanda ya kwanta bayan ranar, ni na kwantar da shi. Mansir, 'yarka..."

Lasifikar ta yi ta ƙugi ita kaɗai.

Ba wanda ya motsa. Liman ya sunkuyar da kai, ladan ya tsaya baki buɗe. Samarin da ke bakin taga suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mansir tela, da ke sahu na biyu, ya miƙe a hankali, ya ratsa mutane, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita ba tare da ya sa su ba.

Alhaji ya taka zuwa ƙofa inda Bakari ke tsaye kusa da Sufeto. A gaban kowa, dattijon da ko hakimi sai dai ya ba shi hannu, ya durƙusa.

"Ka yafe mini."

Bakari ya ja da baya a firgice, kamar an watsa masa wuta. "Baba, tashi. Don Allah tashi, mutane na kallo." Ya dubi hannunsa mai tsumma, ya dubi jama'ar da suka doke shi. "Na yafe. Amma ni da me zan yi aiki yanzu?"

Ranar Litinin dubagari suka zo da magina, aka zuba wa rijiyar kankare, aka cike masan. Hajiya Kubura ta tsaya a ƙofar ɗakinta har aka gama shafe simintin, sannan ta shige ta ja labule. Hukuma ta turo tankar ruwa kwana uku, Malama Radiyya ta bi gida gida tana raba maganin da ake ɗigawa a randa. Kwamiti ya sa mai walda ya haɗa sabuwar kura. Alhaji ya ce samarin da suka karya tsohuwar su za su turo ta daga wajen mai walda har layin, da rana tsaka, Sufeto na biye da su. Suka turo.

Da hannun Bakari ya warke, ya shigo layin da hantsi da jarkoki cike. Ya tsaya a kan kwanar da aka doke shi, ya ɗaga murya.

"Ga ruwa!"

Ba ƙofar da ta buɗe. Kunya ce ko tsoro ne, Allah kaɗai ya sani. Ya sake kira, muryar ta yi ƙasa.

Alhaji Hammajoda ya sauko daga dakali da kofin silba a hannu. Ya miƙa, Bakari ya karkata jarka ya cika masa. Ya shanye a tsaye a tsakiyar titi, da warin robar da zafinsa, ya ce a ƙara. Sannan ya nuna masa soro. Ana cikin juyewa wata ƙofa ta buɗe, sai wata. Ta ƙarshe ta gidan Mansir ce: hannu kawai aka gani ya turo farin bokiti waje.

Shi Mansir yana cikin shagonsa, keken ɗinkinsa na ta ƙara. Da Alhaji ya zo wucewa ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Keken ya tsaya. Mansir ya amsa sallamar cikakkiya, don wajibi ce, amma bai ɗago kai ba. Alhaji ya ɗan jira. Keken ya ci gaba.

Washegari ma ya tsaya ya yi sallama. Har yau yana tsayawa.